Alhaji Ba Ya Dako

Ni da bakina ban taɓa ce wa kowa na je Makka ba. Ina so a fara sanin wannan, ko da yake na san ba zai wanke ni ba. Yayana ne ya faɗa, unguwa ta ɗauka, ni kuma na yi shiru. Shirun nan na fi shekara talatin ina yin sa, har ya zama sana'ata ta biyu.

A Agege aka haife ni, a zangon 'yan goro, inda kukan jirgin ƙasa ke gaya wa mata lokacin ɗora tukunya. Aikina rakiyar goro. Yaya yana da ɗan jarinsa, sai a ɗaure masa huhu goma ko sha biyu, a loda a wagunu, ni in hau in zauna a kai har Kano, ina yayyafa ruwa kada ganye ya bushe, ina zare ido kada a taɓa kayan. A wata tafiya, can bayan mun haye Kwara, jirgi ya tsaya shan ruwa a wata ƙaramar tasha. Na sauka na yi alwala, na dawo na tarar da wani ya farke huhu da wuƙa yana cusa goro a aljihu. Abin da ya ɗiba bai kai ƙwaya ashirin ba. Ina da zuciya, har yau ina da ita, ƙarfin ne kawai ya tafi. Na zari ƙarfen da ake sakale ƙofar wagunu na maka masa a fuska, idonsa na hagu ya tsiyaye. Joji ya yanke mini shekara uku. Ban taɓa cewa an zalunce ni ba, don na san idon mutum ya fi goro ashirin.

Aka kai ni gidan yari a wani gari na bakin kogi inda ba wanda ya san ni. Can aka sa ni a rumfar kafintoci. Akwai wani dogon zarto na mutum biyu da ake tsaga gungume da shi, ɗaya ya tsaya a saman icen, ɗaya ya shiga rami a ƙasa. Abokin zartona wani Bazazzagi ne, dogo, mai giɓi a gaba, an ɗaure shi shekara biyar saboda ya sayi keken sata. Kullum shi ke shiga ramin, garin katako yana zubo masa a ka da ido, wai ni ɗan Ikko ne, ƙirjina ba zai ɗauka ba. Haka yake kirana, Ɗan Ikko. Da zazzaɓi ya kwantar da ni, shi ya riƙa jan zarton da wani, ya kuma ɓoyo mini rabin tuwonsa a cikin hula. Ranar da zan fita ya riƙe hannuna ya ce in ya fito zai neme ni, in ajiye masa wuri. Na ce ko gadona ne zan raba biyu. Da gaske nake a lokacin.

A bakin ƙofa babban jami'in gidan ya ba ni takarda guda. Gandiroba ya karanta mini: wai na zauna lafiya, ban yi faɗa ba, na iya aikin katako, na iya karanta awo. A duniya kaf ba wanda ya taɓa yabona a rubuce sai wannan takarda. Sai dai a samanta akwai sunan gidan da manyan baƙaƙe, da hatimi kamar tafin hannu.

Yaya ya aiko mini cewa kada in zarce Agege, in sauka a wata 'yar tasha kafin Abekuta. Na sauka na same shi a ƙarƙashin bishiyar mangwaro da ƙunshi a hammata. Ko gaisuwar kirki ba mu gama ba ya kwance ƙunshin. Farar riga ce sabuwa, da farin rawani, da carbi, da dabino cikin gwangwani, da kwalba wadda ba kome a ciki.

Na ce, "Yaya, wannan fa?"

Ya ce, "Sa ka gani. Daga Makka kake."

Ya ce da ya dawo daga wajen shari'ata ya tarar da Inna a bakin zaure tana jira, ya rasa abin da zai ce mata. Sai bakinsa ya ce na haɗu da ayarin mahajjata a Kano, zuciyata ta tashi, na bi su gabas a ƙasa. Kayan nasa ne, tashar kuma ba a san ta ba, don haka babu mai ƙaryata shi. Kafin la'asar labari ya gama zango.

Na ce, "To Allah fa?"

Ya ce, "Allah ya san uwarka tana da ciwon ƙirji. Ka sa rigar, jirgin yamma ya kusa."

Ya ɗauki kwalbar ya nufi babban tankin da ake shayar da injin jirgi, ya tara a inda yake ɗiga, ya cika ta, ya toshe da tsumma mai tsabta. Wannan shi ne zamzam ɗin da na zo da shi.

Da muka sauka a Agege sai guɗa. Mata, yara, har Yarabawan da ke sayar mana da ganyen ɗaure goro, kowa "Alaji ekabo, Alaji sannu." Inna ta kama fuskata da hannu biyu tana kuka, ta ce na rame, na yi baƙi, ranar Makka ba wasa ba. Ta kalli kantar da ke tafin hannuna ta ce wannan ta sandar tafiya ce. Daga ranar ba ta sake kirana auta ba. Uwar da ta haife ni, ta yi mini tsarki, ta koma ce mini Alhaji. Kwalbar kuwa ta karɓa da hannu biyu, ta ɗiga wa maƙwabta a harshe kaɗan-kaɗan, saura ta naɗe a zane ta kai ƙasan adakarta.

Maza suka cika zaure suna tambaya. Wani ya ce amma na yi sauri, shekara uku kacal, kakansa tara ya yi. Wani ya ce yaya ɗakin yake. Ni kuwa amsa ɗaya na riƙe: in sunkuyar da kai in ce abin ba ya faɗuwa. Sai su girgiza kai, su ce ka ji wanda ya je da gaske.

Sati biyu ana kawo kwanuka. Daga nan kwanuka suka ɗauke, kamar yadda suke ɗaukewa a kowane gida, sai ni da farar riga da ciki. Yaya ba shi da sauran jari, don goronsa a ofishin 'yan sanda ya ruɓe ana jiran shari'ata, ya koma bin dillalai yana samun na cefane da ƙyar. Yana da mata da 'ya'ya biyar, ga Inna, ga ni ƙato zaune. Matarsa ba ta taɓa gaya mini maganar banza ba, amma in ta zo zuba nawa tuwon ina jin yadda mara ke kankarar gindin tukunya. Ina bukatar aiki, kowane iri.

Na tashi da sassafe na tafi rumfunan goro, wajen shugaban 'yan dako, mutumin da muka yi wasan ƙasa tare. Na ce masa ya sa ni a layi, ko huhu nawa ne zan ɗauka zuwa tasha. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Haba Alhaji! Ka rufa mini asiri. Kan da ya sha aski a Makka shi zan ɗora wa gammo? So kake unguwa ta tsine mini?"

Na ce da gaske nake.

Ya ce, "Alhaji ba ya dako. Kai, ku ba Alhaji benci!"

Aka ba ni benci, aka ba ni farin goro guda biyu, aka ce in yi musu addu'a kasuwa ta buɗe. Na ɗaga hannu ina addu'a, cikina yana kuka, ina kallon yara waɗanda ban kai su gajiya ba suna wucewa da huhu a ka. Na tafi mahauta in nemi ɗaukar fatu, sarkin fawa ya taso da kansa ya rako ni har bakin hanya, ya sa aka ƙunsa mini hanta. Na ce wa mai gyaran ƙofofin masallaci na iya aikin katako, ya ce ai sai Alhaji, ko a can ma an ce mutane masu tawali'u ne. Ba wanda ya wulaƙanta ni. Da girma suka kashe ni, kuma wanda aka yi wa haka ba shi da wurin kai ƙara.

Sai na ce to, bari in je inda ba a san rigata ba. Na cire rawani na cusa a jaka, na shiga jirgin safe na ma'aikata zuwa Ebute Meta. A can ba a tambayar ɗan gidan wa kake, takarda ake tambaya. Ni kuwa boko ko alif ban sani ba, sai lambobin awo.

A gefen gidan waya akwai masu rubuta wa mutane wasiƙa, kowa da teburinsa. Na zaɓi wani dattijon Bayarabe mai tabon salla, wanda ya taɓa zama a Zariya, Hausarsa tana fita ta hanci amma tana fita. Baba Akawu ake ce masa. Yana da tsohuwar tafireta da ke cije takarda in ta ga dama. Ya tambaye ni suna, da gari, da shekaru, da aikin da na taɓa yi, yana bugawa da yatsa biyu. Sai ya ɗago.

"To, ka bar rakiyar goro shekara uku da suka wuce. Shekara ukun nan, ina ka shiga? Oyinbo, wato Bature, ba ya son rami a takarda. In ya ga rami, sai ya leƙa."

Na ciro takardar gidan yari na ajiye masa. Ya karanta, ya cire tabarau, ya kalle ni, bai matsa da kujerarsa baya ba, kuma har gobe ina ganin girmansa saboda wannan.

Ya ce, "Ɗana, akwai hanya da yawa. Ina iya cewa ka yi noma a ƙauye. Ina iya cewa ka yi jinya. Wani na rubuta masa cewa ya yi wa gwamnati aiki shekara huɗu ba fashi, kuma ban yi ƙarya ba."

Na ce a'a. Na ce ƙaryar da ke kaina a gida ta ishe ni, kuma waccan ba ni na yi ta ba. Wadda zan dangwala wa yatsa, ina so ta zama gaskiya. Na ce ya rubuta na yi laifi, na yi ɗauri, na koyi sana'a, ga shaida.

Ya ce, "O da, shi ke nan. Kuɗinka ne. Amma gaskiya tana cin takalmi fa."

Ya buga mini guda uku. Na dangwala babban yatsana a tawada na danna a ƙasan kowace, ina jin wani sanyi a raina, kamar wanda ya yi wanka bayan doguwar tafiya.

Lokacin sojoji suna ta dawowa daga yaƙin Bama, kowa da littafin sallamarsa a aljihu, layin neman aiki har ya zagaya kwana. A wuri na farko, wani babban wurin gyaran taragu, na yi yini biyu a layi kafin masinja ya karɓi ambulan ɗina. Bai daɗe ba ya fito ya miƙo mini da yatsa biyu ya ce, "No bekansi," wai babu gurbi, alhali ina ganin ana kiran na bayana. A wuri na biyu, kamfanin katako, akawun ya karanta har ƙarshe, ya kira na kusa da shi ya nuna masa, suka kalle ni tare, sannan ya janye agogonsa da ke kan tebur ya sa a aljihu. Ni da aka ɗaure saboda tsare kayan wani! Na ji jinina ya hau, na dunƙule hannu. Na tuna inda hannun nan ya taɓa kai ni, na tura shi aljihu na fita. A wuri na uku Baturen wurin da kansa ya gan ni. Ya sa aka ba ni katako da zarto, na haɗa masa kusurwar akwati a gabansa, ya jujjuya bai sami inda haske ke ratsawa ba. Ya ce aiki ya yi kyau. Sai ya ce ta bakin tafinta, wai ba zai iya sa mutum irina a cikin mutane masu riƙe da guduma ba. Wato gidan yari ya yarda ya ba ni guduma shekara uku, shi ne ba zai iya ba.

Na koma wa Baba Akawu. Bai ce ai na gaya maka ba. Ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko almakashi, ya ce takardar shaidar nan jikinta lafiya lau, kanta ne ke da ciwo. Ya yanke saman, inda sunan gidan da hatimin suke, ya bar yabon da sa hannun. Na ce wannan ba ƙarya ba ce? Ya ce a'a, aski ne. Na yarda, don takalmina ya riga ya ɓule kamar yadda ya ce.

Na kai ta wani kamfanin gine-gine. Akawun wurin tsoho ne, ya ga irinmu da yawa. Ya ɗauki takardata ya ɗora a kan wata takarda da ke gabansa, ya daidaita gindinsu, sai ga tawa ta gaza da yatsa uku. Ya yi murmushi ya ce da Hausar barikin soja, "Aboki, wane wanzami ya yi ma takarda aski? Ka gaya masa duk sati muna gani." Mutanen layi suka kwashe da dariya. Na fito, na tsaya a gindin wata katanga na naɗa rawanina kafin in shiga jirgi, saboda kada a gan ni a Agege da kai a sake.

Wata bakwai ina wannan zirga-zirga. A gida ana cewa Alhaji yana zuwa cikin gari ganin manyan mutane.

Sai ran nan wani babban fatoma a zango ya aiko a kira ni. Shi ne mai masaukin fatake mafi girma a layinmu, sitonsa na cin huhu ɗari biyu, kowa Maigida yake ce masa. Mai riƙe masa makulli ya tsufa, ido ya tafi. Ya zaunar da ni a kan buzunsa ya ce ya daɗe yana lura da ni: ba na yawan magana, ba na alfahari da tafiyata kamar wasu, kullum kaina a ƙasa.

Ya ce, "Alhaji, makullin sito nake so in ba ka, da loda wagunu. 'Ya'yan cikina ma ban ba su ba. Amma hannun da ya taɓa ɗakin Allah ba zai ci amana ba."

Na kalli hannun. Na buɗe baki, wallahi na buɗe, maganar tana kan harshena. Sai na tuna ƙarar marar nan a gindin tukunya, na ce, "Allah ya ba ni ikon riƙewa, ranka ya daɗe."

Ya ce saura abu ɗaya. Ofishin kaya na tasha ba sa yarda wani ya karɓi wagunu a madadin fatoma sai an kai musu takarda: sunansa, asalinsa, da abin da ya yi a shekarun baya. In je a rubuto.

Baba Akawu ya sa takarda a tafireta, ya buga suna da gari, ya zo daidai wurin nan ya tsaya, yatsunsa biyu a sama. Bai tambaye ni ba, jira kawai ya yi.

Na ce, "Rubuta na tafi aikin hajji ta ƙasa."

Ya dube ni ta saman tabarau. Shi mai salla ne, ya san nauyin abin. Ya ce, "Noma fa? Noma ma yana toshe rami."

Na ce Maigida zai sa a karanta masa kafin a kai.

Ya buga. Layi ɗaya ne, bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Ya turo mini tawada, na dangwala. A hanyar komawa na yi ta goge yatsan a cikin aljihu har ya yi zafi. Washegari akawun ofishin kaya ya karanta, ya miƙe tsaye ya ba ni hannu, ya ce, "Welkom, Alaji." Ko minti biyar ban yi ba. Takardar gaskiya uku, da mai aski ɗaya, sun ci mini wata bakwai da takalmi biyu. Ta ƙarya ko zama ba ta bari na yi ba.

Na riƙe makullin nan, kuma ƙwayar goro ɗaya ba ta taɓa ɓata a hannuna ba. Duk wanda ya yaba sai ya ce ai albarkar Makka ce. Ba wanda ya taɓa cewa halina ne. Na yi aure, na ɗauke wa Yaya cefanen Inna, na gyara duk benci da ƙofar da ke sito da hannuna, ana cewa dubi tawali'u. A shekara ta biyu ciwon ƙirjin Inna ya tashi, ta rasu da hantsi. Masu wanka suka leƙo suka ce ta bar wasiyya, akwai kwalba a ƙasan adaka, a yayyafa a likkafaninta. Yaya ya kalli ƙasa. Ni na ɗauko, ni na cire tsumman, ni na miƙa. Da ruwan injin jirgi aka sallami uwata, tana murna da shi har ranar mutuwarta. Na daɗe ina jin haushin Yaya a kan wannan, amma ba shi ya miƙa kwalbar ba.

Bayan rasuwarta da 'yan watanni, ana tsakiyar kakar goro, ina tsaye a bakin sito da makullai a ƙugu ina duba wani huhu da sankara ta shiga. Maigida yana kan kujerarsa, fatake sun kewaye shi. Sai na ji sallama, muryar da na sani tun kafin in juya. Dogo ne har yanzu, amma ya ranƙwafa, giɓin nan ya ƙaru. Rigarsa wankakkiya ce, ta sha faci. A hannunsa ambulan. Ya sauka a Ikko yana tambayar zangon 'yan goro, yana neman wani Ɗan Ikko, ba wanda ya gane wa yake nufi, sai aka ce ya zo gidan Maigida, nan ake ɗaukar 'yan dako.

Idonmu ya haɗu. Na ga fuskarsa ta buɗe, bakinsa ya fara haɗa sunan da yake kirana. Daidai nan wani ɗan dako ya ƙwala mini kira, "Alhaji, a fitar da na Kano?" Bazazzagin ya kalli rawanina, ya kalli makullan, ya kalli carbin. Ya rufe bakinsa.

Ya durƙusa ya miƙa wa Maigida ambulan. Aka kira mai karatu. Tun daga yadda baƙaƙen suka cije na gane tafiretar Baba Akawu ce. Takardar ta ce ya yi laifi, ya yi ɗaurin shekara biyar, ya koyi aikin katako, yana neman ko dako ne. Ga takardar shaida a haɗe, da kanta, da hatiminta, ba aski. Ashe shi ma ya ce a rubuta gaskiya.

Wani bafatake ya jawo jakarsa kusa da ƙafa. Maigida ba mugu ba ne, ya ɗan yi tunani, ya ce mutum yakan yi kuskure ya tuba, kuma ana bukatar hannu a wannan kaka. Sai ya juyo gare ni.

"Alhaji, sito naka ne. Kai ka ga duniya, ka san mutane. Me ka gani?"

Kalma ɗaya ce. In ce a ɗauke shi. Ba sai na ce na san shi ba, ba sai na ce ya taɓa ɓoyo mini tuwo a hula ba. Amma na hango shi kullum a bakin sito, da safe da yamma, yana cin abinci da 'yan dako, ana hira, wata rana baki ya suɓuce. Na hango matata. Na hango zango kaf, da duk harshen da aka ɗiga wa ruwan nan. Tsoro ne, ba wani abu ba, kuma ba zan sa masa riga ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, kayan mutane ne a ciki. In wani abu ya ɓata, ko ba shi ba ne, shi za a ce. Mu ma za a ce mun sani muka ɗauka."

Maigida ya ce Alhaji ya yi gaskiya. Ya sa aka ba baƙon kuɗin abinci da goro biyu.

Ya karɓi takardunsa ya ninke su a hankali, ya mayar cikin ambulan. Ina jira ya fasa ƙwan. Da ya yi, wallahi da na ji sauƙi, da an yi ta ta ƙare. Yana da hujja, ya san lambar da ke ƙirjin rigata a can, ya san tabon da zarto ya bar mini a gwiwar hannu. Ya miƙe, ya zo gabana har ina jin warin rana a jikinsa. Ya kama hannuna na dama da nasa biyu, kantarsa ta gogi tawa, irin kanta ɗaya ce, zarto ɗaya ya yi mana ita. Ya ɗan rusuna kamar yadda kowa ke yi mini.

Ya ce, "Alhaji, a sa mu a addu'a."

'Yan dako suka tsaya, fatake suka tattara hankali, Maigida ya ɗaga tafukansa. Ba yadda zan yi. Na ɗaga hannu na roƙa masa Allah ya buɗa masa ƙofa, ya haɗa shi da mutanen kirki. Kowa ya ce amin, shi ma ya ce amin, ya shafa. Sannan ya bi gefen dogo ya nufi tasha da ambulan ɗinsa, ni kuma na koma na ce a fitar da na Kano.